Maƙwabcina ba zai tashi ba, ya hana ni gaya wa matarsa

Assalamu alaikum Anti Huseina. Don Allah ki taimake ni da shawara. Abin ya cushe mini, kuma ba magana ce da zan iya kai wa kowa a unguwarmu ba.

Ni nas ce, ina aiki a ɗakin maza na wani asibiti a nan Lafiya. Na daɗe a aikin. Na rufe idon mutane da yawa, har abin ya zame mini jiki: in yi abin da ya kamata, in wanke hannu, in koma gida in ɗora tukunya. Wannan karon ne ya zo mini daban, don mara lafiyar maƙwabcina ne.

Zan kira shi Terlumun, matarsa kuma Ngodoo, amma ba su ne sunayensu ba. 'Yan ƙabilar Tibi ne, manoman doya, katanga ɗaya ce tsakaninmu a Shabu. A wurin Ngodoo nake barin makullin gidana in zan tafi aiki. Da na haifi autata mijina ba ya gari, ita ce ta riƙa dafa mini ruwan wanka har na yi arba'in.

An kwantar da shi cikinsa a kumbure, idonsa ya yi ɗorawa. Gwaji ya nuna kansar hanta ce, kuma ta yi nisa. Ina tsaye likita ya yi masa bayani. Bai yi kuka ba. Tambaya kawai ya yi ko zai ga fitar sabuwar doya, likita ya ce rai na hannun Allah, amma kada ya jinkirta duk abin da yake son yi. Da likita ya wuce sai ya riƙe mini gefen riga, ya ce, "Sista, kada madam ya ji wannan magana."

Na tambaye shi dalili. Ya ce a danginsu in magidanci ya mutu da sauran ƙarfinsa, sai an nemo wanda ya jawo. Dama 'yan uwansa ba sa shiri da Ngodoo tun wata rigimar gona. Yana tsoron da zarar an ji ba zai tashi ba, ita za a nuna wa yatsa tun yana numfashi. Ga shi tana da hawan jini. Ya fi son ya tafi shiru.

To Anti, matar nan keke Napep ɗaya muke shiga kusan kullum da safe, ita da filas ɗin kunu a cinya, ni da farin kaya. Ta ce yaya jikinsa, in ce da sauƙi. Haka muke ce wa kowa, amma ita ta ɗauka da gaske nake. Har ta buga wa 'yarsu Fanen waya a makaranta a Makurdi, ta ce ta zauna ta yi karatunta, babanta ya kusa dawowa gida.

Yanzu kuma yayansa Iorliam ya zo ya ce asibiti ya gaza, a ba shi ƙaninsa ya kai shi wurin wani mai magani a ƙauye. Hanyar ba ta da kyau, kuma Terlumun allurar rage zafi ce take sa shi ya iya ko runtsawa. Ngodoo ta same ni a tsakar gidana ina wanki, ta ce, "Sista, ke ne kin san aikin. In bari su tafi da shi?" Na ce ta ɗan dakata tukuna. Ta tsaya tana kallona, ni kuma na duƙufa a kan bokiti.

Na koma wa Terlumun da maganar, ya juya fuskarsa bango. Tun daga nan nake fita da wuri don kada mu haɗu da ita a titi. Mijina ya lura, na ce masa wani sirrin mara lafiya ne ya dame ni, ya ce in dai na kusa ne a faɗa wa iyalinsa, haƙƙin maƙwabtaka ba wasa ba ne. Wata abokiyar aikina ta ce in kama bakina, ba don wannan aka ɗauke ni aiki ba. Ni dai abin da nake gani shi ne ranar da zai cika, matar nan za ta juyo ta dube ni, ta gane na sani tun farko. In na faɗa kuma, na ci amanar mutumin da yake kwance a hannuna. Yaya zan yi?

Nas mai neman mafita, Shabu.

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kada ki gaya mata a bayan idonsa. Ciwon a jikinsa yake, hankalinsa kuma garau, don haka shi ke da ikon cewa wa zai ji. Da ba ki sa farin kayan nan ba, da ba ki san abin da kika sani ba. Abokiyar aikinki ta yi gaskiya a nan. Inda ta kuskure shi ne cewa aikinki ya ƙare a kama baki. Mijinki ma da tasa gaskiyar: matar nan tana yanke shawara a cikin duhu, yarinya kuma tana iya rasa ganin ubanta da rai.

Ki koma wurin Terlumun, amma ba da roƙon ya tausaya mata ba, wannan kin gwada. Ki bi ta kan abin da yake tsoro. Ki nuna masa cewa shirun nan ba zai kare Ngodoo ba. Idan ya rasu ba wanda ya san sunan ciwonsa, a lokacin ne zargi zai samu wurin zama, shi kuma ba ya nan balle ya wanke ta. Amma idan ya zaunar da ita da yayansa, likita ya yi bayani a gabansu, shi kuma ya faɗa da bakinsa cewa ciwo ne daga Allah, ba hannun kowa a ciki, ya bar mata abin da za ta tsaya a kai. Ki ce za ki kasance a wurin, ki auna jininta kafin a fara. In akwai faston da yake jin maganarsa, ki nemi izininsa a kira shi.

Ki sanar da likitansa da shugabar ɗakinku cewa dangi na shirin fitar da shi, kuma ke maƙwabciyarsu ce. Bayanin haɗarin tafiyar aikin likita ne. Amma shi mara lafiyar za a tambaya inda yake son ya ƙarasa kwanakinsa. In ya zaɓi gida, a sallame shi da maganin rage zafi.

Ita kuma Ngodoo, ki daina gudunta, ki daina ce mata da sauƙi. Kina iya cewa jikin nasa ba ƙarami ba ne, ta zauna da shi ta tambaye shi, su ga likita tare. Kina iya cewa mara lafiya yana son ganin 'ya'yansa, Fanen ta zo ko na ƙarshen mako ne. Duk wannan gaskiya ne, kuma ba ki fasa sirrinsa ba.

Yana iya ƙi har ƙarshe. In haka ta faru, ki riƙe amanar, ki kula da shi yadda kika iya. Ngodoo tana iya yin fushi da ke, kuma tana da hujja. Ki bar ta ta yi, kada ki kare kanki a ranar makoki. Ki shiga gidanta ki yi mata abin da ta yi miki lokacin da kike buƙata.

Kada ki jira wani mako. Gobe in kin shiga aiki, gadonsa za ki fara zuwa. Allah Ya sassauta masa, Ya ba Ngodoo juriya, ke kuma Ya sa miki kalmar da za ta shiga kunnensa.

Anti Huseina.