Layin da Na Ƙi Gogewa

Khumra, Jidda

Yaya Turai,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ɗalibanki? Ya ƙafar Inna? Ni lafiya ƙalau nake.

Sai dai Mus'ab, Bahaushen Sudan ɗin da muke ɗaki ɗaya, ya rasu. Kantar ƙarfe ce ta rufto masa a siton kamfanin da muke aiki. Na riga na gaya wa shugabanmu cewa ƙafar kantar ta lanƙwashe, ya ce, "Yalla, koma bakin aiki." Yanzu ya rantse ban taɓa faɗa masa ba.

Masu kamfanin ba sa jin Larabci, sai aka ce kowa ya rubuta abin da ya sani da Turanci. Na rubuta "I told him", na ga maganar ba ta da ƙarfi. Sai na tuna koyarwarki, cewa idan ana musu da mutum ya sa "did" kafin aikatau, kamar ya ce wallahi. Na mayar da ita "I did tell him." Shugaban ya karanta, ya ce, "Wato ni ne maƙaryaci? Goge layin nan." Ban goge ba.

Tun ranar aka mayar da ni dako cikin rana, kafili kuma, wato wanda ya tsaya mini a ƙasar nan, ya yi shiru da maganar sabunta iƙamata, takardar izinin zama. Ba komai, ina ci ina sha. Kada Inna ta ji.

Ki sa ni a addu'a, Yaya. Wayar Mus'ab tana hannuna. Mahaifiyarsa sai kira take yi, ba wanda ya sanar da ita, ni kuma na kasa ɗauka.

Ƙaninki,
Abdulghaffar