Zangarniyar da Na Kulle a Ruwan Nasara

Zuwa ga mahaifiyata Hajo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta kamaci ɗa ga uwarsa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji, makwancinki da yalwa da sanyi. Ni ne Tanko, kafintan nan naki mai kunnen ƙashi. Na tsufa, Inna. Yanzu na girme ki nesa ba kusa ba, gemun da kika bari baƙi wuluk ya zama auduga.

Ba da hannuna nake rubutun nan ba, ido ya ƙi. Jikata ce, takwararki, ke danna shi a wayarta ina faɗa mata. Ta ce za ta sa shi inda mutane za su karanta, na ce ta sa. A gaban mutane na yi taƙama da abin da na yi miki, ba laifi in sun ji yadda ya ƙare.

Labarin irinki na kawo miki. Amma kin san ni da dogon zance, sai na ɗauko shi daga tushe.

Kin tuna hatsin da kika zo da shi gidan Baba daga ƙauyenku na wajen Bader Gula, ƙulle a bakin zane? Zangarniyarsa gajera, ba ta kai kamu ba, ga gashi tsaye da ke hana tsuntsu zama, ƙwayar kuma da ɗan ja-ja. Yana riga hatsin kowa nuna. Da farko duk Dakoro ba mai irinsa sai ke. Kowace kaka ke kike shiga gona gabanin masu yanka, ki zaɓi zangarnun da suka fi cika, ki ɗaure su dabam, ki rataye a ɗakin girki inda hayaƙi ke korar ƙwaro.

Abin da ke ba ni haushi a lokacin shi ne hannunki. Duk wanda ya yaba hatsin sai kin ɓare masa. Na tuna wata mata baƙuwa da ta tsaya ƙofar gida neman ruwa, da jaki mai ɗingishi da goyo a baya. Ta sha, ta ɗaga ido ta ga zangarnun, ta ce ma sha Allah. Shi ke nan kika sauko da biyu, kika murje mata a ƙoƙo, kika ƙara mata tafi guda gyara. Ko sunanta ba ki tambaya ba. Da na yi ƙorafi kika ce, “Kai dai ɗan nan! Iri ba a hana shi, ba a saida shi.”

A shekarun nan ne aka sauke tutar Faransa aka ɗaga tamu. Ina saurayi, ina aikin katako a gidan likitan dabbobi, kaina ya cika da sabon zamani. Akwai wani Bafaranshe da bai tafi da wuri ba, Mushe kawai muke ce masa, wato malam a bakinsu. Ni nake yi masa kantoci. A kan kantocin yake jera wasu dunƙule-dunƙule garai-garai kamar ƙanƙara, a cikin kowane akwai kaska, ko ƙudan shanu, ko kunama da ƙarinta a ɗage. Da na ba ki labari kika yi dariya har da riƙe ciki, kika ce, “Nasara ya rasa abin ajiya sai kaska.”

Ni kuwa abin ya shiga raina. Ruwa biyu ne a gwangwani biyu, shi yana ce masa rezin, mu muna cewa ruwan Nasara. Ɗaya kauri gare shi kamar zuma, ɗayan tsinkakke ne mai wari. Kowane shi kaɗai zai shekara bai daskare ba, amma in aka gauraya su aka zuba a kan abu, kwana ɗaya sun zama dutse, abin yana ciki ana kallonsa. Da Mushe zai koma ƙasarsu ya bar mini gwangwanayen biyu. Ya ɗaga yatsu ya nanata mini: awo biyu na mai kauri, awo ɗaya na mai wari, kada ka ƙara, kuma kaɗan-kaɗan ake zubawa. Na ce to. Kin san irin “to” ɗina.

Ban tambaye ki ba na zare zangarniya ɗaya daga ɗaurinki, wadda ta fi duka kyau. Niyyata mai kyau ce, Inna, Allah ya sani. So nake hatsinki ya zauna yadda yake har abada, ba ƙwaro, ba ɓera, ba baƙuwa mai jaki.

Na haɗa ɗan akwati na katako daidai tsawonta, na shafe cikinsa da kakin zuma don kada ya manne. Da bazara ne, rana tsaka, a bayan shago. Na auna biyu, na auna ɗaya. Sai na dubi ƙoƙon na ga awon ya tsaya cif, ba tozo, ba komai. Hannuna ya ƙi. A gidanki na tashi, inda awo ba gyara rowa ne, inda ko gishiri maƙwabciya ta zo ara sai an ɗora mata. Na ce ai ido ba mudu ba ne amma ya san kima, na tsiyaya mai warin nan na ƙara. Kuma maimakon kaɗan-kaɗan, na juye duka a kai lokaci guda.

Ba a jima ba akwatin ya ɗau zafi har ba ya taɓuwa. Wani siririn hayaƙi ya tashi, kakin ya narke ya bi ƙasa. Na tsorata, na ja baya ina salati. Amma da gari ya waye na ɓalle katakon, sai ga abu ya fito lafiya, ya ɗan yi ruwan zuma, zangarniyar na tsakiya da gashinta tsaye kamar yanzu aka yanko ta. Kwana uku ina gogarsa da yashi mai laushi da toka da tsumma, har na ga fuskata a jikinsa.

Ranar bikin ƙasa aka ɗora shi a tebur tare da aikin maƙera da dukawa. Mutane suka yi ta zagaye shi, wasu na ƙwanƙwasawa da farce. Sabon kwamandan da ke mulkin Dakoro, ɗan ƙasarmu, ya ɗaga shi a rana ya ce ga aikin ’yan Nijar. Ranar nan ƙasa ba ta ɗauke ni ba. Da yamma na kawo miki. Kika juya shi, kika kai hanci, kika miƙo mini. Abin da kika ce kawai, “Yana da kyau. To ta ina shi ka shan iska?” Na ji haushi ƙwarai. Na ce a raina tsohuwa ba ta san zamani ba.

Sai shekarun nan suka zo, waɗanda ba na son kiran sunansu. Damina ta farko ta yi rowa. Ta biyu muka yi shuka sau uku, ina sara da sungumi, kina bina kina zubawa kina rufewa da diddige. Kowane karo hatsin ya fito, ya kai tsawon yatsa, rana ta ƙone shi. A shuka ta uku ɗaurinki ya ƙare. Kika bi gidajen da kika taɓa ba iri, ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun shuka ya ƙone kamar namu, wasu sun daka sun ba yara, wasu gidajen ma ba kowa sai ƙyaure. Kika dawo kika zauna a kan turmi.

A duk abin da muka sani, zangarniya ɗaya ta rage a duniya, tana kan kantata, a cikin dutsen da na yi mata. Kullum muna ganinta. Gani kuwa ba ci ba ne.

Ba ki roƙe ni ba. Ni na ɗauko zarto da guduma wata safiya. Abin ya fi ƙarfin zarto, haƙoransa suka dakushe, sai da guduma. Ya tsage, ya yi tartsatsi, ya yanke ni a babban yatsa, tabon yana nan har yau. Ruwan ya shiga tsakanin ƙwayoyin ya riƙe su gam. Da basilla na riƙa tono su, yawanci suna farfashewa. Daga safe zuwa la’asar, ƙwaya ashirin da bakwai na samu masu kamar lafiya. Na zuba miki a tafin hannu.

Kika shuka su a bayan ɗakinki, kika kewaye da ƙaya. A lokacin nan, ruwa sai an kwana a layin rijiya, amma kika riƙa yin alwala a kan wurin don kada ɗigo ya tafi banza. Kowace safiya ina zuwa in durƙusa in duba. Kwana huɗu, ba komai. Kwana bakwai. Kwana goma sha ɗaya. Rana ta goma sha biyu kika kwashe ƙayar da kanki, kika ce, “Ƙasa ce ta ƙi, ɗan nan. Tashi ka tai wurin aikinka.”

Na yarda, Inna, don ina son in yarda. Sai bayan rasuwarki Yaya Rabi ta gaya mini gaskiya. Ta ce tun ranar farko, da na juya baya, kika ciji ƙwaya ɗaya, kika tofar, kika ce mata dafaffe ne, zafin ruwan nan ya dafa shi tun tuni. Kika hana ta faɗa mini. Kwana goma sha ɗaya kina zuba ruwan alwalarki a kan abin da kika san ya mutu, don kada ɗanki ya san shi ya kashe. Wallahi wannan ya fi mini duka zafi. Da kin zage ni da na fi samun sauƙi.

Kika tafi kina ganin irinki ya ƙare. Ni ma haka na zauna shekara da shekaru, da guntun dutsen nan a ƙasan akwatina, ban sake taɓa ruwan Nasara ba.

Ikon Allah, takwararki ita ce ta ɗauko sana’ar. Yanzu ana sayen ruwan a Maradi, ’yan mata na yin faranti da ’yan kunne da abin rataya makulli, suna sa fure da ƙyalƙyali a ciki. Tana da ɗan sikeli, tana auna shi kamar mai sayar da zinariya. Da sanyin safiya take zubawa, kaɗan yau, kaɗan gobe. Da na ba ta labarin gyaran da na yi, ta riƙe baki ta ce, “Kaka, ai tuwo ka dafa!” Na ce ta kiyaye ni, ko in sake ta in auro wata.

To ga labarin da na ce na kawo miki.

Kakar bara na je ta’aziyya wani ƙauye a ƙasar Mai Yara. Bayan addu’a aka kai ni cikin gida in gai da tsofaffi. Ina zaune a tabarma, na ɗaga kai, sai na ga ɗauri a rataye a ƙofar ɗakin girki. Idona ba ya gani sosai, amma hannuna bai manta ba. Na roƙa aka sauko da shi. Gajera ce, ba ta kai kamu ba. Gashin ya soke ni a tafi. Na murje kaɗan, na kai kusa da ido, ga ja-jan nan.

Na tambayi dattijuwar gidan sunan wannan hatsi. Ta ce, “Ɗan Dakoro muka ce mishi. Uwata ta samo shi ina goye, wurin wata mata da ta ba ta ruwa. Da yunwa ta kore mu kudu, a ƙugunta ta ɗaure shi, ko da muna kuka ba ta kwance ba.” Na ce ko uwarta na da jaki mai ɗingishi? Ta ce ita dai ba ta sani ba, jariri ina ya san jaki.

Na sa hannu a aljihu, na ce ta sayar mini ko zangarniya ɗaya ce. Matar nan ta ɓata rai kamar na zage ta. Ta ce, “Haba Malam! Iri ba a hana shi, ba a saida shi.” Ta murje mini biyu a ƙoƙo. Har na miƙa hannu zan karɓa, ta ce in dakata, ta ƙara tafi guda.

Inna, na yi kuka a gidan mutane, har suka zaci mamacin ne nake wa. Ban iya yi musu bayani ba sai da na sha ruwa.

Bana da ruwan farko na shuka shi a bayan ɗakinki, a daidai wurin nan. Kwana huɗu ya tsago ƙasa. Yanzu da nake miki maganar nan ya fi ni tsawo, ya fitar da kai, tsuntsaye na zuwa su duba su wuce. Takwararki ta riga ta sa ido a kan wata zangarniya, wai za ta yi mini abin tunawa. Na ce za ta samu, amma sai an kai iri gida bakwai tukuna, zan fara da gidan jikokin Yaya Rabi. In ya rage, ta auna ruwanta yadda ta iya, ni ba zan matso kusa ba.

Ki yafe mini zangarniyar da na ɗauka ban tambaye ki ba. Ki yafe mini ruwan alwalarki na kwana goma sha ɗaya.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka makwancinki, ya shayar da ke kamar yadda kika shayar da baƙuwar da ba ki san sunanta ba. Duk ƙwayar da ta fito daga wancan ƙoƙo, wadda aka ci da wadda aka shuka, Allah ya sa a mizaninki, ya ƙara miki da gyara irin tasa. Ya haɗa mu a inda ba a fari. Amin.

Ɗanki mai kunnen ƙashi,
Tanko kafinta, Dakoro