Ku Bar wa Basiru Tsohuwar Manhajarsa

Zuwa ga Mai Girma Babban Jami'in da ke kula da cibiyoyin koyon kwamfuta na shiyyar Sabon Birni da Isa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Allah ya sa haka, amin.

Ranka shi daɗe, sunana Umaru, sana'ata sayen hatsi da sayarwa. Mutumin Gatawa ne ni, amma yanzu a Sabon Birni muke raɓe, dalili kuwa ba sai na faɗa maka ba. Na je ofishinka ban same ka ba. Na bar sallahu wurin masinja, shiru kake ji. Na roƙi malamin cibiyarmu ya kira ka, ya ce maganar ta fi ƙarfinsa. Shi ya sa na fito da ita fili, domin lokaci ya ƙure mini. An ce ka ba da umarni ranar Litinin mai zuwa mota ta kwashe kwamfutocin cibiyar ta kai Sakkwato, a goge su tas, a ɗora musu sabuwar manhaja. A cikinsu akwai wata tsohuwa, fara da ta koma ruwan ƙasa, tana kusurwa kusa da taga. A kanta nake kuka.

Na farko: wannan kwamfutar ba taku ba ce. Ta ƙanena Basiru ce. Da muka baro gida, ni na ɗauro ta a bayan babur cikin buhun gero. Inda muka sauka babu wuta, babu ma ƙyauren kirki, sai na kai ta cibiya ajiya, tunda kuna da sola. Ban karɓi takarda ba, kuma ba mantuwa na yi ba. A wajenmu wanda ya kai ajiya ya ce a rubuta masa, ya zagi mai gida ke nan. Buhu nawa mutane ke bari a rumfata su tafi Maraɗi su dawo, ba wanda ya taɓa neman ko ƙwayar harafi? Da ma'aikatanka suka zo ƙirgar kaya, malamin ba ya nan. Suka ga kwamfuta a ɗakin kwamfutoci, suka shafa mata lamba da jan fenti. Shi ke nan, fenti ya mayar da amana kayan hukuma. Yanzu duk wanda na tunkara sai ya ce in kawo shaida.

Na biyu: tsohuwar manhajar da ke kanta ba jahilci ya sa ta ba, zaɓa aka yi. Basiru mai gyaran waya ne, shi ya harhaɗa na'urar da hannunsa daga tarkacen da na riƙa sayo masa a ƙetare, don wani tsohon wasan ƙwallo da yake so tun yana ƙarami. Ina nan ya gwada sabuwar manhajar lokacin, na'urar ta riƙa nishi kamar jakin da aka yi wa lodin raƙumi, wasan ya ƙi buɗewa. Ya gwada wata ta tsakiya, wasan ya buɗe amma babu sauti, abin dannawa na hannu kuma ya ƙi aiki. Sai da ya koma wa tsohuwar nan mai hoton koren tudu da shuɗin sama, sannan komai ya zauna daram. Na yi masa tsiya a ranar, na ce mutane na gaba kai kana baya. Ya yi dariya ya ce kowace ƙwarya da abokin burminta. Ba ta neman intanet, ba ta neman a sabunta ta, a garin da sabis ke zuwa ya tafi yadda ya ga dama.

Na uku, kuma nan ne ciwon yake. Basiru shi ne mai tsaron gida na ƙungiyar ƙwallon unguwarmu. A cikin wasan nan ya goge sunayen Turawa, ya sa na abokansa: Lawwali, Shehu Dogo, Nasiru, Bello mai shayi da sauransu. Ya yi wa kowa tsawonsa da launin fatarsa, har sanƙon Bello bai bari ba. Samarin kan taru a shagonsa, kowa na rigimar an rage masa gudu.

Daga baya 'yan bindiga suka tare su a hanyar gona. Basiru ya yi damina guda a hannunsu. Lawwali da Nasiru a gabansa aka kashe su. Shehu Dogo har yau ba mu san inda yake ba. Basiru ya dawo da ƙafafunsa, amma bakinsa bai dawo ba. An yi rubutu, an yi addu'a, an kai shi asibiti, sai dai ya dube ka ya sunkuyar da kai. Wata rana na rasa dabara, na ja hannunsa zuwa cibiya, na kunna masa kwamfutarsa. Ya daɗe yana kallon allon. Can sai ya ɗauki abin dannawar, aka take wasa, sai na ji ya ce, "Lawwali, miƙo ta nan!" Wallahi, ranka shi daɗe, fita na yi waje na yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Tun daga ranar kullum bayan la'asar yana can. A gaban allon nan kaɗai yake magana, yana kiran sunayensu, yana yi musu faɗa in sun ɓarar da ƙwallo. Kwanan nan har ya fara amsa gaisuwa a hanyar komawa gida. Likita ya ce kada a raba shi da abin. Ni ban san ilimin ba, abin da idona ya gani nake faɗa.

Na huɗu: wani ma'aikacinka ya ce kada in damu, za a kwafe wasan a filashi a mayar bayan an gama. Mun gwada a ɗaya daga cikin sababbin kwamfutocinku, allo ya yi baƙi ƙirin ya dawo da mu waje. Faifan wasan na asali kuwa ya ƙone tare da shagon Basiru, da aka cinna wa wuta bayan mun baro gida. Idan aka goge, babu inda za a sake samo Lawwali. Na san niyyarka alheri ce, yaranmu na bukatar abin zamani, ba na jayayya da wannan. Amma a kan wannan na'ura guda, gyaran gangar Auzinawa za a yi mana.

Don haka ga roƙona, ina durƙushe. Ka sa a cire ta daga cikin waɗanda za a ɗora a mota. Idan shaida ake so, malamin cibiya da mai unguwarmu da limamin da muka yi hijira tare duk a shirye suke su dafa Alƙur'ani. Idan dokarku ba ta yarda a kankare fentin ba, na yafe muku ita, ku riƙe, ta zama taku har abada, ku dai bar ta a kusurwarta da tsohuwar manhajarta. Idan kuma cikon lissafi ne damuwar, za ni sayar da babur ɗina in kawo muku wata a madadinta. In duk wannan bai gamsar da kai ba, ka zo ranar Juma'a bayan la'asar ka tsaya a bakin ƙofa, ba sai na ce maka komai ba.

Idan ka zo, za ka ga wata tsohuwa zaune a kan tabarma a bayan taga, ta waje. Innarmu ce. Ba ta san kwamfuta ba, ba ta san ƙwallo ba. Zuwa take yi ta ji muryar ɗanta, don a gida ba ta jin ta. Jiya ta tambaye ni ko gaskiya ne Litinin za a ɗauke abin. Na ce mata na rubuta wa babba takarda, kuma babba yana da uwa.

Allah ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, ya ba ka ikon yin adalci, ya tsare ka da zuri'arka daga ganin abin da muka gani. Allah ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Gobir, ya sa kada ka mayar da ni maƙaryaci a gaban mahaifiyata.

Wassalam.

Naka mai jiran amsa kafin Litinin,
Umaru, yayan Basiru,
Sabon Birni.