Inci Goma Sha Shida da Hoton Bakin Ƙofa

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Kwamitin Gudanarwa,
Gidan Motsa Jiki na Saman Bene.

Daga:
Mai gyaran firji, wanda 'yan gidan ke kira Baban Benci,
Memba mai kati lamba 7.

Kwanan wata: Litinin, 14 ga Oktoba, 2024.

GAME DA: BAMBANCIN JADAWALIN ATISAYE DA KOCI YA NUNA, DA KUMA SHIRIN SAUKE HOTONA DAGA BAKIN ƘOFA

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina neman izinin gabatar da kokena a gaban kwamiti. Tun farko ina so a rubuta cewa ba hassada ce ta sa ni ɗaukar biro ba. Ina bin haƙƙina ne kawai, kamar haka:

1. Shekarata shida a wannan gida. Da ni aka ɗauko bencin farko aka hau da shi matakala ashirin da biyu. Tun ranar da na shiga, Koci ya ba ni jadawalin da ake taɓa kowace tsoka sau ɗaya a mako: Litinin ƙirji, Talata baya, Laraba kafaɗu, Alhamis damtse, Asabar cinya. Na bi shi sau da ƙafa. Da shi aka zaɓe ni na wakilci gidan nan a gasar nuna tsoka shekara huɗu da suka wuce, kuma bisa al'adar gidan aka liƙa hotona a bakin ƙofar ƙasa, inda duk mai wucewa a titi yake gani.

2. A ranar Litinin, 6 ga Fabrairu, 2023, na kawo wa gidan nan sabon memba, wato Tela, maƙwabcin shagona, wanda shi ke yi mini ɗinki. Ya zo ne yana kukan ciwon baya saboda zaman keken ɗinki. Ba ina aibata halitta ba ne, ranka ya daɗe, amma a lokacin mutumin nan kamar sillen kara yake. Ni na nuna masa yadda ake riƙe ƙarfe. Ni na tsaya a kansa a benci ranar da sandar da ba a ɗora mata komai ba ta kusa danne masa wuya. Har ruwan gorata ya sha.

3. Koci bai ba Tela irin jadawalina ba. Ya raba masa jiki gida biyu: Litinin da Alhamis saman jiki, Talata da Juma'a ƙasan jiki, sauran kwanakin hutu. Ke nan kowace tsoka tasa tana shan aiki sau biyu a mako, tawa kuwa sau ɗaya. Daga baya na ji Koci yana yi wa wasu bayani cewa tsoka takan farfaɗo cikin kwana biyu zuwa uku bayan an gajiyar da ita, kuma wanda ya bar ta har mako ya zagayo ya bar ta zaman banza ne na kwana huɗu. Wai ya fi kyau mutum ya raba aikin da yake jibga wa ƙirji a rana ɗaya zuwa kwana biyu. Idan haka ne, ina tambayar kwamiti: kwana huɗun nan na kowane mako, na tsawon shekara shida, wa zai dawo mini da su?

4. Domin kada a ce na ɓoye wani abu, na amince cewa a ranar Talata, 7 ga Maris, 2023, Koci ya taɓa yi mini maganar sauya jadawali. Sai dai ina roƙon a duba yadda ya yi ta. A tsaye ya faɗa, kusa da randar ruwa, a gaban sababbin shiga, har da cewa in gwada irin na Tela. Irin na Tela, ranka ya daɗe, mutumin da bai cika wata biyu a gidan ba. Na amsa masa cewa ni ba ɗan koyo ba ne, kuma Litinin ta ƙirji ce tun kafin ya samu takardar koci. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne bai nace ba. Ya san halina, ya san ba na karɓar magana a karon farko. Ya kamata ya kira ni gefe ya sake faɗa, amma sai ya ɗaga kafaɗa ya yi tafiyarsa.

5. Akwai kuma batun awo. Kwamiti ya sani cewa duk Asabar ɗin ƙarshen wata ana auna damtsen kowa, kuma tun da Tela ya shigo aka bar masa aikin, tunda shi ke yawo da tef a wuya. Shekara uku ke nan damtsena yana kan inci goma sha shida, ko gezau. Nasa ya fara daga goma sha uku da rabi, yana hawa wata bayan wata, kuma shi da bakinsa yake kiran lambar kowa da ƙarfi. Idan ya zo kaina sai ya sassauta murya, ya ce na Yaya yana nan yadda yake. Wannan tausayin ya fi zagi ciwo. A watan Yulin bana mai ɗakina ta aika masa da yadi ya ɗinka mini riga, sai ya aiko cewa ba sai na wahalar da kaina zuwa awo ba, tsohon awon yana nan daram. Ta kawo mini saƙon tana dariya. Ban ci abinci ba ranar.

6. Ganin haka, daga Litinin, 5 ga Agusta, na ɗauki mataki da kaina. Na yi lissafi cewa idan sau biyu ya fi sau ɗaya, to sau shida ya fi sau biyu. Mako biyar na yi ina aikin ƙirji da damtse kullum, ban da Lahadi. Koci yana gani. Sau ɗaya kacal ya ce tsoka a lokacin hutu take girma, na yi kamar ban ji ba, shi kuma bai maimaita ba. A mako na biyar kafaɗata ta dama ta riƙe, har na kasa juya ƙaramin firji a shago sai da na kira mai shagon gefe, wanda ba kowa ba ne illa Tela. Da hannu ɗaya ya juya shi. A awon ranar 28 ga Satumba, ni goma sha biyar da kwata uku, shi goma sha shida da kwata.

7. A ranar Asabar, 5 ga Oktoba, aka sanar cewa Tela ne zai wakilci gidan nan a gasar bana, kuma ranar 1 ga Nuwamba za a sauke hotona a sa nasa. An tafa, ni ma na tafa, kowa shaida ne. Amma ranka ya daɗe, 'yata mai shekara takwas ta wannan titin take zuwa makaranta. Kullum sai ta tsayar da ƙawayenta a ƙofar ta nuna musu babanta. Har yau ban san da wane baki zan gaya mata ba. Na ce a sama ba hassada ba ce. Ina neman afuwa, zan gyara: akwai ta, kuma tana cin raina. Mutumin bai yi mini laifin komai ba, ko gaisuwa bai taɓa fasa yi mini ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Saboda haka, cikin ladabi ina roƙon kwamiti:

(a) Ya ja kunnen Koci cewa idan tsohon memba ya ƙi shawara, a kira shi ofis a rufe ƙofa a maimaita masa.

(b) Ya karɓi aikin awo daga hannun Tela, ko kuwa a daina kiran lamba da ƙarfi.

(c) Idan babu makawa sai an sauke hoton, kada a jefa shi ɗakin ajiya cikin karyayyun ƙarafa. A ba ni a hannuna, kuma a yi shi ranar Asabar, ranar da babu makaranta, domin in samu kwana biyu in yi wa yarinyar bayani.

(d) A umarci Koci ya rubuta mini jadawalin nan na sau biyu a mako, da zarar kafaɗar ta saki. A sa shi a ambulan, a rubuta lambar katina a sama. Ina roƙo da girman Allah kada a rubuta cewa irin na Tela ne, kuma kada a aiko ta hannunsa, ko da yake na san shi ne ya fi kusa da shagona.

Ina jiran hukuncin kwamiti da zuciya ɗaya. Allah ya ƙara girma, ya ja zamaninka.

Naka mai biyayya,

Baban Benci,
Memba mai kati lamba 7.
(Na sa hannu da hagu, saboda dalilin da ke lamba ta 6.)