Zaitun ɗin Umma da Alkyabbarka

Safakus, Tunisiya

Zuwa ga Yayana Munsif,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti Rauda da yara, da fatan sanyin Marsiliya bai tayar maka da ciwon gwiwa ba. Allah Ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan ƙalau muke. Maigidana Hadi ya warware daga tarin da ya dame shi, har ya koma faɗa da maƙwabta kan awaki.

Saƙonka ya iso, cewa in aiko da alkyabbar aurenka da ka ba ni ajiya, ɗanka Anis zai sa ranar bikinsa, kuma in je in ba mutumin da ka sayar wa gonarmu haƙuri saboda wai na yi masa sata. To Yaya, ba ko ɗaya da zan yi. Ka sayar da gonar ta waya, ban ce uffan ba, rabonka ne. Amma da na ji katafila za ta ture bishiyar zaitun ɗin da Umma ta dasa da hannunta don a gina shaguna, cewa na yi ba da ni ba. Ƙasa ya saya, ba uwarmu ba.

Na kira Lutfi, ɗan Kawu Bashir, ya zo da a-kori-kurarsa da ma'aikata. Muka sare rassan, aka haƙo ta da dunƙulen ƙasar saiwarta, aka kwantar da ita a bayan motar da ƙyar. Lutfi ya ɗauko bel ɗinsa na ɗaure kaya, mai ƙarfen nan da ake ja yana ƙara matsewa, ya maƙala ƙugiyoyin a gefen mota ya hau ja. Ina tsaye na ga bel ɗin ya fara cin ɓawon. Na ce ya dakata, wannan ba buhun siminti ba ce, in ɓawon ya saluɓe zagaye ta mutu. Ya ce to Hajiya injiniya, in ya sassauta ta zame a gangaren hanya ni zan tare ta da kaina? Gaskiyarsa ce, hanyar duk ramuka.

Muna buƙatar abu mai kauri tsakanin bel da ɓawo. Buhun da muka sa nan take ya yage. Mai katafila kuwa ya riga ya kunna inji yana mana hon. Na hau babur ɗin wani ma'aikaci, ni da shekaruna, na je gida na buɗe akwati. Ba abin da ya kai alkyabbarka kaurin ulu. Na ninka ta, na naɗe gangar bishiyar, na ce wa Lutfi yanzu ja iya ƙarfinka. Ya dube ni ya ce shi dai babu ruwansa in Munsif ya ji. A bayan motar na zauna har gida, hannuna kan bel, duk inda muka tsaya sai na sa ya ƙara matsewa.

Alkyabba ta huje wuri biyu, ta sha jar ƙasa, ba ta sawuwa. Ɓawon kuwa ko ƙwarzane babu. Raina ya sosu saboda Anis, amma da za a maimaita, ita zan sake ɗaukowa.

Ba zan yi maka ƙarya ba, tun da muka dasa bishiyar a ƙofar gidana, har yau ba ta yi toho ba. Hadi ya ce kututture nake shayarwa. Wataƙila. In ma mutuwar za ta yi, a ƙofar gidana za ta yi ta, a tsaye, ina kallonta.

Ka gaida Anti Rauda, da 'yarka Salwa da mijinta, da ango Anis. Hadi da Lutfi suna gaisuwa.

Ƙanwarka da ba za ta ba da haƙuri ba,
Mabruka