Hadarin da Ke Gaban Jirgin Baban Nada

Ainu Shams, Alƙahira

Yaya Bakhita,

Assalamu alaikum. Ya jikin Baba, ya yara? Mu nan tamam, sai godiya. Ƙafata ce ke ɗan kumbura saboda zaman keken ɗinki, amma ba wani abu ba ne.

Kin san maigidana, Baban Nada, ya samu aiki a jirgin ruwan da ke kai tumaki Oman. Yau kwana huɗu wani hadari ya taso a tekun da za su ratsa. Masu hasashen yanayi sun ce bai gama haɗuwa ba, gizagizai ne a warwatse, ko ya watse ko ya zama guguwa. Jiya sun ce yana raguwa, yau da safe kuma wai ya ƙara ƙarfi. Ina duba hasashen a waya cikin jirgin ƙasa na metro, ina dubawa a shago, har na ɗinka hannun riga a baibai. Wallahi Yaya, na gaji. Wayarsa kuma ba ta shiga.

Na ɓoye wa Inna, mahaifiyarsa, saboda hawan jininta. Ɗazu ta ce, "Tagwa, me kike ta nema a wayar nan?" Na ce salon ɗinki ne. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "In abin ya nufi wajen ɗana, ki faɗa mini ina zaune."

Sai na matsa kusa da ita na nuna mata. Yanzu mu biyu muke dubawa.

Ki ce Baba ya sa Baban Nada a addu'a. Allah Ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Tagwa