Yatsu Huɗu a Kalanda

Anti,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙarin haƙuri? Na kira ki har na gaji, shi ya sa na ba direban ofis wannan takarda.

Tun da aka sallame ki sashen talla ya zama kango. Teburinki ma firinta aka ɗora a kai. Jiya Manaja ya sa na canza kalar tallan man girki sau bakwai, daga ƙarshe ya zaɓi ta farko, wai ita yake nufi tun da safe. Na waiga in ƙifta miki ido, sai na ga firinta. Shekara guda kika zaunar da ni kusa da ke kina koya min aiki, yanzu ko tazarar haruffa zan gyara sai na ji muryarki. Wallahi abin nan ya zo mana kamar saukar aradu.

Ki gaida yara.

Taki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, mun gode Allah.

Takardarki ta iso. Direba, don kirki irin nasa, ya haɗo min da sabuwar kalandar kamfani. Na duba hoton ma'aikata, wanda muka ɗauka a matakalar ofis. Ba ni a ciki. An cike gurbina da bango, har inuwa an gyara tsaf. Na gane aikin, ai ni na koyar. Sai dai ki duba kafaɗarki ta hagu. Akwai yatsu huɗu a kai, ɗaya da zoben azurfa. Nawa ne. Sau nawa na ce miki ki ƙara girman hoto ki bi shi lungu-lungu kafin ki tura?

Kalanda sati uku take yi a maɗaba'a, na fi kowa sani. Ni kuwa yau kwana goma da sallamata. Ashe aradun ta daɗe da sauka a kwamfutarki.

A cikin kwanakin nan ne, kafin a sallame ni, na same ki a ɗakin shan shayi. Na ce kamfanin sabulu sun neme ni, suna jiran amsa ranar Litinin. Na ce na ga Manaja yana yawan kiran ki, ko kin ji wani abu? Kika ce, "Haba Anti, wa zai taɓa ki a nan?" Na yarda da ke, na ce musu na gode. Sun ɗauki wani.

Ba gogewar ce ta dame ni ba, aiki aka ba ki. Amsar nan ce take ci min rai.

Wassalam,
Antinki ta da

*

Anti,

Gaisuwa da ban girma. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ba ni da bakin musu.

Manaja ya kira ni ya rufe ƙofa. Ya ɗora biro a kan fuskarki a hoton ya ce, "Cire wannan. In maganar ta fita, ke kaɗai kika sani, kuma takardar tabbatar da ke a aiki tana kan teburin nan." Na yi aikin kina zaune kusa da ni, na karkatar da allon kwamfutar. Har tambaya kika yi ko haske ne ya dame ni, kika tashi kika ja min labule.

Ranar shayin nan maganar ta zo har bakina. Kalma biyu ce kawai: "Ki karɓa." Ba sai na ambaci hoto ba, ba sai na ambaci Manaja ba. Tsoro ya sa na ga kamar ko wannan zai tona ni. An tabbatar da ni ranar Alhamis, aka yi min tafi, na shiga banɗaki na yi kuka.

Yatsun ban gan su ba, don ban iya kallon wurin da kyau ba. Yanzu suna rataye a kowane ofis, ba wanda ya lura. Ina jin kunyarki fiye da yadda zan iya rubutawa. Ki yafe min, ko ki bar ni in zo ki zage ni ido da ido.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Sallama. Na karanta har sau biyu.

Na samu wuri a wata ƙaramar maɗaba'a bayan tashar mota, ina gyara wa mutane katin gayyata. In an tambaye ni aikinki, zan ce kin iya, don gaskiya ce.

Kada ki zo tukuna. Na gwada in ce na yafe miki, bakina ya faɗa, zuciyata ba ta bi ba. Ni kuma ba zan ba ki amsa mai daɗi alhali na san ba haka ba ne.

Allah ya taimaka.

Anti